Kukan Fambel

Babanmu bakanike ne, shekara arba'in da ɗoriya a gareji ɗaya, wanda ke bayan tashar mota. Bai yarda da buɗe bonet da wuri ba. Mota za ta shigo, ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit, ya karkata kai, ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Fulogi na uku." A buɗe, wallahi fulogi na uku ne.

Ni kuwa tun ina goyo nake shaƙar baƙin mai a wajen, amma sauraro ya gagare ni. Shi ya sa ya laƙaba mini Kunnen Ƙashi. Sunan yana ƙona mini rai ba kaɗan ba. A gaban masu mota fa yake kira, har bayan na yi aure na ajiye 'ya'ya biyu! Kullum laifina ɗaya ne, ba na ɗaure fambel, bel ɗin da ke juya fankar inji, ya ɗauru, sai mota ta tashi tana tsuwa kamar ɓera a tarko.

Ciwon mantuwa a hankali ya shigo masa. Ya fara da sa sifana a firij, muka yi ta dariya. Ranar da ya dube ni a falo ya ce, "Malam, wa kake nema?" dariyar ta ƙare. Na fita na zauna a mota na yi kuka mai isata. Ba na son komai a duniya sai ya sake gane ni, ko da sau ɗaya ne.

Yayata ma'aikaciyar ofis ce, komai nata a waya yake. Ta tara hotunanmu kaf, ta rubuta suna a ƙasan kowanne, ta yi ta nuna masa. Ya kalla cikin ladabi, ya ce, "Mutanen kirki ne," ya miƙa mata abarta. Na ce, "Yaya, mutumin nan yaushe ya taɓa gane abu da ido?" Ta ce to in kawo tawa dabarar, tunda bakina bai mutu ba.

Sai na naɗo kukan wata tsohuwar mota a wayata, na kunna masa. Ya karkata kai. Ya lumshe ido.

"Wannan a gwangwani aka saka ta?" in ji shi. "Kawo motar, mutum ya ji da kyau."

Washegari da safe na faka motata a ƙofar gida, na sassauta fambel da hannuna, muka fito da shi kan kujera. Na tayar. Tsuwa ta cika layin. Baba ya yi zumbur ya miƙe.

"Kai, Kunnen Ƙashi! Sau nawa zan gaya maka ka ɗaure abin nan? Kai dai ba ka ji!"

Ina hawaye ina dariya. Yayata kuwa, Allah ya yi mata albarka, ashe ta danna naɗi a wayarta.

Wata bakwai muna haka. Kowace safiya in kwance fambel, ya zage ni, in ɗaure. Maƙwabta suka ɗauka na manta sana'ata, wani har ya ba ni shawarar in kai motar gareji. Ban kula shi ba.

Wata safiya na tayar, tsuwar nan har tana huda kunne. Baba ya saurara, ya daɗe. Sannan ya yi mini murmushi ya ce, "Motarka lafiya lau take, malam." Ban sake kwance fambel ba daga ranar. Bai cika wata biyu ba ya rasu.

Yanzu garejin a hannuna yake. Kujerarsa tana nan gefen durom ɗin mai, ban bar kowa ya zauna ba. Ina kewarsa, kewa mai ciwo. Yayata ta turo mini naɗin nan, daƙiƙa tara ne cif. Duk motar da ta shigo tana tsuwa, nakan koma bayan durom in kanga wayar a kunne kafin in ɗauki sifana. Ya kira sunan, ya yi faɗansa.

Nakan ce, "Na ji, Baba." Sai in je in ɗaure.