Idon Na'ura da Tarun Taubashina

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a wannan labarin ni ne wawan. Ba a yaudare ni ba, ba a tura ni ba, da ƙafafuna na shiga, hula a karkace. Yau haƙora sun zube, sunayen jikokina ma sai na yi lalube, amma abin da ya faru tsakanina da taubashina a kan ruwan Bakolori ba zan manta ba. Ko na so in manta, mutanen bakin ruwa ba za su bar ni ba.

Ni asalina manomi ne. Da aka tare ruwa ya hau gonaki, sai na zama masunci na dole, irin wanda ke riƙe filafili kamar fartanya. Taubashina, ɗan kawuna, shi ya ɗauke ni cikin jirginsa. Shi ya iya ruwa, ni kuma na yi aji huɗu a firamare. Saboda haka muka raba aiki: shi ya kama kifi, ni in yi masa bayanin dalilin da ya sa aka kama. Ba ya kirana da komai sai "ɗan mace", in kuma ya so ya ƙona mini rai ya ce "Malam Boko".

A shekarar da nake magana, ya gama haɗa sabon taru, wato babbar ragar nan da ake zagaye kifi da ita a ja. Wata huɗu ya kwashe a gindin darbejiya yana ɗinki, yana ɗaura dalma, yana jera tulluwa masu ɗaga shi saman ruwa a igiya. Tsohon tarunsa ya riga ya zama tsumma, har an rufe akurkin kaji da shi. Gidansa mutum goma sha ɗaya, kuma duk bakinsu a kan wannan tarun yake. In ya lalace a tsakiyar bazara, lokacin da ruwa ya ja kifi ya taru, to shekarar ta tafi.

Ana nan sai ɗana da ke aikin jiragen ruwa can kudu ya aiko mini da na'urar gano kifi. Akwati ne ɗan ƙarami mai gilashi kamar talabijin, da waya doguwa, a ƙarshenta wani baƙin abu kamar ƙwan agwagwa da aka daddanna. Yaron ya ce mini a waya, "Baba, wannan baƙin shi ne idon. Shi ke aika sauti ƙasan ruwa ya dawo da labari. Duk aikin a kan inda aka ɗaura shi yake. Don Allah ka kira ni kafin ka ɗaura."

Na ce, "Kai, ni na haihe ka ko kai ka haihe ni?"

Akwai takardar bayani a ciki, rubutu ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Na gane kalma uku, na cike sauran da hankalina. Kuma ga abin da hankalina ya ba ni: abin lantarki ba ya shiri da ruwa. Rediyona ya taɓa faɗawa randa, tun ranar bai sake cewa uffan ba. To a wajenmu abu mai daraja riga ake yi masa. Wuƙa tana da kube, laya tana da fata, rediyo ma ana ɗinka masa. Ranar kasuwar Mafara na ɗauki idon na kai wa baduku.

Ya juya shi, ya shinshina, ya ce, "Alhaji, wagga layar wane malami ta?"

Na ce, "Ba laya ba ta. Ilimi na. Ka ɗunke shi ram, kak ka bar ko ƙofar da iska ka shiga, balle ruwa."

Mutumin ya yi aiki, ba zan ci haƙƙinsa ba. Jar fata ninki biyu, ya yi mata zane da koren zare, har da tuntu.

Washegari na rataye shi a goshin jirgi, sama da ruwa da kamu guda, na jona akwatin da batirin babur. Masunta suka taru. Gilashi ya kawo haske, na gyara tsayuwa. Muka shiga ruwa muka yi ta yawo har hantsi, ba abin da ya fito sai wata lamba tana ƙyaftawa kamar mai ciwon ido.

Taubashina ya ce, "Malam Boko, talabijin ɗin kifin naka ba su buɗe tasha ba?"

Na ce, "Na'urar tana ɗumama."

"Awo. Mu ma muna ɗumama."

Rana ta biyu na yi sassauci, na yarda idon ya shiga ruwa amma da rigarsa. Fata ta jiƙa ta kumbura, jan rini ya bi ruwa kamar an yanka kaza, gilashi kuma ya cika da ɗigo-ɗigo marasa kan gado. Daga baya ne na san cewa iskar da ke maƙale tsakanin fata da ido ita ke kashe sautin tun bai fita ba. A lokacin kuwa cewa na yi baduku ya cuce ni. Na farke ɗinkin da reza ina zaginsa, bawan Allah yana can Mafara bai san ana yi ba.

Rana ta uku na ɗaure idon tsirara a bayan jirgi, daidai gindin inji, dab da farfela. Dalilina kuwa mai ƙarfi ne: inji na Turawa, ido na Turawa, gara 'yan gari ɗaya su zauna wuri ɗaya. Ana tayar da inji sai gilashi ya yi baƙi ƙirin, na'ura ta kama ƙara, ɗit ɗit ɗit, ba tsayawa. Na miƙe har jirgi ya yi tangaɗi.

"Kashe inji! Ga su nan! Kifi har ba wurin aza ƙafa!"

Ya kashe. Kifi suka ɓace gaba ɗaya. Ya tayar, suka dawo. Ya kashe, suka ɓace. Sau biyar muna wannan. Ya dube ni ya ce, "Ɗan mace, wanga wane irin kifi na da ba ya hitowa sai ya ji ƙamshin fetur?"

Kumfar farfela ce nake ta yi wa kabbara. Duk wanda Allah ya ba hankali, a nan zai ciro waya ya kira ɗansa. Wayar tana aljihuna, da kati a ciki. Matata ma ta ce mini da na koma gida, "Malam, ka kira yaron nan mana." Na ce mata maganar ruwa ba ta mata ba ce. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe.

Rana ta huɗu na zo da dabarar da na fi alfahari da ita, ita ce kuma ta kashe ni. Na samo gora, na ɗaure idon a ƙarshenta, na ɗaure gorar a gefen jirgi nesa da inji. Har nan ban yi laifi ba. Amma da na ga fuskar idon tana kallon ƙasa tsaye, sai abin ya dame ni. Wane mai ido ne ke tafiya yana kallon tsakanin ƙafafunsa? Ai gaba ake kallo. Na tanƙwara shi ya dubi gaba, kamar jaki ya hango dusa.

Sai ga gilashi ya yi kyau! Layi ya fito, lamba ta tsaya. Muka nufi wajen Maradun, can inda ruwa ya yi faɗi. Muna cikin tafiya a hankali sai hotunan kifi suka fara fitowa, 'yan ƙanana da wutsiyarsu, bisa da ƙasa, sun cunkushe wuri ɗaya. Na ce a kashe inji. Aka kashe, ba su ɓace ba. Jama'a, ku yi mini adalci, wa zai ga wannan bai yi rawa ba?

Taubashina ya dubi tudu, ya dubi wani dutse da ke gabas, ya girgiza kai, ya nuna ruwan da yatsa. "Nan kusa da tsohon garinku na. Akwai itace ƙasa. Ban zuba taruna nan."

Na nuna masa lamba. "Ƙafa arba'in! Wane icce na zai kai ga tarunka cikin ƙafa arba'in? Kai da dutse kake awo, ni da ilimi."

"In ya yage hwa?"

"In ya yage ka canza min suna."

Ya daɗe yana kallon gilashin nan. Kwana huɗu na hana shi kamun kirki, gida ana jira, ga hotunan kifi suna ta wucewa, na'ura tana kuka. Ya ce bismillah, ya kira jirgin maƙwabcinmu ya kama ɗaya bakin igiyar. Aka zagaye wurin, aka fara ja.

Da farko taru ya yi nauyi, na ce, "Kun ji ko? Giwan ruwa na!" Sai nauyin ya ƙi motsi. Aka ja, jiragen biyu suka matso juna. Aka ƙara ja. Daga nan sai muka ji shi ta cikin igiya, ba da kunne ba, da tafin hannu: ɓarrr, kamar ana yage sabon yadi. Taubashina ya saki igiya, ya tuɓe riga ya faɗa ruwa. Mutumin da ya haura sittin. Ya nutse ya fito, ya nutse ya fito, yana kwance abin da zai kwantu. Ko gaba biyu bai yi ba yake taɓa rassa. Ƙafa arba'in ɗin nawa ashe tsawon kallon da idon ya yi ne a karkace, can gaba, ba zurfin da ke ƙarƙashinmu ba. Kifayen kuma rassa ne, na'ura ta sa musu wutsiya.

Abin da muka ɗora a jirgi ba ya kama da taru. Tsakiyarsa, inda kifi ke taruwa, ta tafi. Karfasa uku muka samu, ɗaya ma ina jin tsautsayi ne ya kawo ta kallo. Har muka iso gaɓa idonsa na kan tarun. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Bai ko kira ni ɗan mace ba.

A bakin ruwan na kira ɗana. Na yi masa bayani a taƙaice, na tsallake maganar baduku. Ya ce, "Baba, fuskar idon ƙasa za ta kalla, a shimfiɗe daidai da ruwa, kar ta karkata ko kaɗan. A bayan jirgi, gefen dama, kamu biyu daga farfela. Ya leƙo ƙasa da katakon jirgi da kamar faɗin yatsa, inda ruwa ke wucewa sumul ba kumfa. Kuma kar a rufe shi da komai."

Na ce, "Wa zai rufe shi?"

Ya ce, "Inna ta gaya mini."

Bayan kwana biyu na je gidan taubashina da kafinta da guntun katako. Ban yi dogon bayani ba, shi ma bai tambaya ba. Muka kafa katakon, muka ɗaura idon, na ɗora kwanon ruwa a kan jirgi don in tabbatar ya daidaita. Muka koma wurin da abin ya faru, a hankali. Lamba ta ce ƙafa ashirin da 'yan kai. Ƙasa ta fito shimfiɗe. Sai ga ta nan ta taso a gilashi, tsaye, da rassanta: bishiya mai kai biyu, ɗaya dogo ɗaya guntu.

Na san ta. Tsamiyar bayan gidanmu ce, wadda aradu ta sare wa gefe ina yaro. A gindinta mahaifina ke ɗaure jaki, a kanta na karya hannu. Shekara talatin da wani abu ban gan ta ba. Na zauna a kan katako ina kallo, na'ura tana ɗit ɗit. Ga kuma kifi na gaske, 'yan layuka lanƙwasassu kamar baka, suna kewaya ta a gefe, inda da mun zuba taru taku ashirin daga nan da mun cika jirgi.

Sati biyar muka yi muna gyaran tarun nan. Bazara ta kusa ƙarewa kafin ya koma ruwa, kuma a tsakanin hatsin rumbuna ne ya riƙa tafiya gidansa a kan jaki, ba wanda ya ce a kai, ba wanda ya ce an gode. Kullum da hantsi ina gindin darbejiya da allurar ɗinkin raga, masu wucewa suna gaishe ni da "Malam Boko, ya ilimi?" Abin da na koya a zaman nan ba shi da yawa, amma ya zauna. Na'ura ba ta yi mini ƙarya ko sau ɗaya ba. Inda na juya ta nan ta kalla, abin da ta gani shi ta faɗa. Kuma wanda bai sani ba da sauƙi, ana iya gaya masa. Mai wuyar sha'ani shi ne irina, wanda ya san rabi ya ɗauki ragar wani ya gwada sauran rabin.

To amma hali. Ranar da muka ɗaura dalmar ƙarshe, na ga fuskarsa ta ɗan saki, sai bakina ya yi ƙaiƙayi. Na ce, "Ɗan kawu, ko ba komi ka yarda na'urar ga ta yi aiki. Ba don ita ba, wa zai sake nuna min tsamiyar gidanmu?"

Bai ɗago kai ba. Ya ciji zare ya tofar, ya ce, "Ni na nuna ma ita tun daga bisa, kyauta, da yatsa. Kai ne ka ce sai ka aika mata da taruna kamar takarda ta sa hannu."

Na ɗauki allura.