Tsohon Ɗakin Sama

A gida 'Yar Sauri ake kiranta, don ko abinci a tsaye take ci. Da ta tafi waje karatu, sai ta tarar da gari tsit, kantuna na rufewa tun la'asar. A hankali ta saba, har tafiyarta ta yi sanyi.

Wani tsoho ke zaune a ɗakin da ke saman nata, kullum tana jin ƙwanƙwasar sandarsa. Rannan ƙarar ta ɗauke. Ta yi ta cewa gobe za ta leƙa shi, har ta ba yayarta labari a waya.

"Auta, ajiye wayar nan ki hau yanzu!" in ji yayar.

Tun daga matakala wani wari ya tare ta. Ta buga ƙofar, ba amsa.