Dachung, Sun Yi Makokinka da Yabon Janar

Ranar Laraba, 8 ga Nuwamba 2017, matarka Lea ta kira ni tana kuka ta ce zuciyarka ta tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Flatbush a nan Amurka, jakar littattafai a kafaɗarka. Dachung, abokina, ka tafi ba sallama.

Tasi kake ja kana karatun digirin digirgir a kan wani janar na Amurka na ƙarni na sha tara. Ka bi sawunsa daga makarantar soja zuwa yaƙin Meziko, yaƙin basasa, har lokacin da aka tura shi yamma ya ƙone rumbunan 'yan asalin ƙasar a tsakiyar hunturu. Ka sha faɗa mini ba don ƙaunarsa kake karanta shi ba, don kada a manta da waɗanda ya bari da yunwa ne. Kai kuwa ba ka iya ganin mai yunwa. Da Boubacar mai sayar da huluna a Fordham Road ya karye a ƙafa, kai ka riƙa kai masa gwaten acca har ya miƙe, ba ka taɓa tambayar cocinsa ko masallacinsa ba.

Abin da ya faru a taron makokinka har yau yana ɓata mini rai. Na riƙe waya ina fassara wa Mama, mahaifiyarka, tana saurare daga Jos. Malaminka na jami'a ya tashi, muka ce yanzu za mu ji halinka. Ina! Sai ya kama lissafa yaƙoƙin janar, dawakinsa, lambobin girmansa, har yana murmushi. Rumbunan da aka ƙone bai ambata ba. Kai ma a ƙarshe ya tuna da kai, ya ce ka taimaka wa binciken. Tir! Ko Lea bai kalla ba.

Mama ta katse ni ta ce, "Ɗana, shi wannan soja da ake ta yabo, ya zo gaisuwa?"

Na ce, "Mama, ya fi shekara ɗari da mutuwa."

Sai ta ce, "To nasa sun yi kukansu. A bar ni in ji nawa."

Ubangiji ya karɓe ka cikin hutawarsa, Dachung. Ya ta'azantar da Mama, da Lea, da 'yarku Elisabet, ya ba mu haƙurin rashinka. Amin.