Zuwana Dubai Neman Sa Hannun Baba Kyaftin

Mun tashi da asuba daga gida, ni da yayana, don mu samu jirgin ƙasan farko a Rigasa. Hanyar mota zuwa Abuja ba mai sha'awarta yanzu, shi ya sa tasha ta cika maƙil, har da masu manyan riguna a layin tikiti kamar kowa. Inna ta danƙara min dambun nama da kilishi da yaji a jaka kamar wadda za ta shekara, alhali kwana goma sha biyu zan yi. Da yamma muka hau jirgin Dubai. Waɗanda kuka yi ta turo min saƙo kuna neman hotunan dogayen benaye, ku yi haƙuri, ko ɗaya ban ɗauka ba. Ga dai yadda tafiyar ta kasance.

Tunda akwai sababbi a shafin nan, bari in faɗi abin da ya kai ni. Tuƙin jirgin sama nake koyo. Na samu lasisin farko, yanzu ina neman shaidar tuƙi da na'ura, wato mutum ya shiga cikin gajimare, ba ya ganin ƙasa ba ya ganin sama, ya tuƙa jirgi har ya sauke shi da abin da agogunan gabansa suka nuna da abin da mai hasumiya, wato mai ba jirage umarni daga filin jirgi, yake gaya masa a rediyo. Jarrabawar rubutu na ci ta tuni, amma sakamakonta yana da wa'adi, kuma nawa ƙarshen watan gobe zai cika. In ban yi ta gwaji a cikin jirgi kafin lokacin ba, sai in koma kan littattafan da suka cinye min shekara guda. Ita kuma ta gwajin ba a shigarta sai malami ya sa hannu cewa ka shirya. A gida layin simuleta, wato na'urar da ake koyon tuƙi a cikinta a ƙasa, ya yi tsawo, shi ne makarantarmu ta haɗa ni da wata cibiya da take hulɗa da ita a Dubai. Sa hannun mutum ɗaya na je nema.

Mun sauka gari bai gama wayewa ba, amma ina fita daga filin jirgi tabarau ɗina ya yi raɓa saboda zafi. Masaukinmu wani ƙaramin otal ne a unguwar Al Rigga, lifta ɗinsa mutum biyu da kwali ɗaya yake ɗauka, kuma kullum kwalin yana ciki. Yaya kayan waya yake sarowa, don haka a kasuwannin Deira ɗan gida ne. Duk shagon da muka shiga sai ya nuna ni ya ce ga ƙanwarsa direbar jirgin sama, sai 'yan kago, masu aika wa 'yan kasuwa kaya ta jirgi, su hau tambayata ko zan riƙa yi musu ragi a kilo in na fara aiki. Shayin madara da suke kira karak dirhami ɗaya, shawarma shida, shinkafa biryani da kaza sha biyu. Tuwo da miyar kuka kuwa, a wajen wata Hajiya da take dafawa a hawa na uku na wani bene, dirhami ashirin da biyar, kuma ba a neman ragi. A kwana na biyu na daina mayar da farashi naira, don ina son lafiyata.

Kullum bayan sallar asuba nake shiga metro, jirgin ƙasan cikin gari, taragon mata, in tsaya cikin 'yan Filifin da 'yan Habasha masu zuwa aiki, kowa idonta a rufe hannunta a ƙarfe. Daga ƙarshen layi in hau bas zuwa cibiyar. Simuleta akwati ne babba a cikin ɗaki mai sanyin tsiya. A ciki komai na jirgi ne, kujera da sitiyari da agoguna, sai dai tagar fari fat, hazo kawai. Awa biyu ake yi. In na fito wuyana a sanƙare yake, idanuna suna raɗaɗi, ga rigar sanyi ta jiƙe da gumi. Kwana biyun farko wani matashi ɗan Indiya ne malamina, kuma mun sha musu da shi son raina. In ya faɗi lamba na ga ba daidai ba, nan take nake tare shi.

A rana ta uku aka canza min malami, aka ba ni wanda zai sa hannun. Dattijo ne mai furfura, tsohon kyaftin, Kirista daga wajen Numan, ya yi shekara da shekaru a Dubai. Yana ganin takarduna ya ɗago ya ce min sannu da zuwa 'yata, da Hausar da ta fi tawa. Wallahi sai da na ji ƙwalla, don kwana uku kenan ina fama da Turancin kowace ƙasa. Na russuna har ƙasa na gaishe shi, na ce Baba ina kwana, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Na shiga akwatin nan ina ganin Allah ya kawo min sauƙi.

A simuleta malami yana zama a baya, shi ne yake yin muryar mai hasumiya. Ya ɗora ni a kan saukar wani filin jirgi da ke gindin duwatsu. Taswirar da ke kan cinyata ta nuna ƙarara cewa a wannan yankin ba a sauka ƙasa da ƙafa dubu uku. Sai na ji muryarsa a kunnena ya ce in sauka zuwa dubu biyu. Na kalli taswira, na kalli agogo. Na san ba daidai ba ne. Amma mutumin da ya yi shekara talatin yana tuƙi, sa'an mahaifina, wanda na gama russuna masa minti ashirin da suka wuce, ni ce zan ce masa ya yi kuskure? Na ce a raina ƙila akwai abin da ya sani ban sani ba. Na maimaita umarnin, na kwantar da hancin jirgi. Ba a yi minti biyu ba ƙararrawa ta ɗauka, taga ta yi ja, komai ya tsaya.

Ya tambaya ko ban ga lambar ba ne. Na ce na gani.

"To me ya hana ki magana?"

"Baba, ai kai ka ce."

"Da gangan na faɗa," in ji shi. "Da jirgin gaske ne, da yanzu ana neman gawarki a kan dutse, kuma ba wanda zai yabi ladabinki. Ba zan sa miki hannu a haka ba."

Na koma Al Rigga ranar ban san yadda na iso ba. Yaya ya ce ai wannan tarbiyya ce, mutumin ne bai san darajarta ba, in je in ce a mayar min da ɗan Indiyan. Na yi tunanin haka ɗin, har na rubuta saƙon, sai na goge. Mai jarrabawar da ke jirana a gida shi ma dattijo ne, kuma ba ni zan zaɓe shi ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun gajiyar da ni fiye da yadda zan iya rubutawa. Ba kullum yake saka kuskure ba. Wani lokacin awa biyu cur komai daidai, in fito a galabaice don jiran tarkon da bai zo ba. Ranar da ya ba ni lambar tashar rediyo ta ƙarya, na gane, na buɗe baki, sai ga abin da ya fito: Baba ka yi haƙuri, ban sani ba ko ni ce ban ji daidai ba, amma kamar dai a takardar nan... Kafin in kai ƙarshe ya tsayar da na'urar ya nuna min agogon hannunsa. Daƙiƙa goma sha ɗaya na ɓata ina ba shi haƙuri, jirgi kuwa yana ta tafiya inda ba na so. Daga ranar ya hana ni kiransa Baba da zarar an rufe ƙofar akwatin. Na ji zafin wannan sosai, har na yi fushi da shi kwana biyu, fushin da ban bari ya gani ba, don haka aka koya mana.

Ranar Juma'a babu aiki. Bayan masallaci Yaya ya ce mu je bakin ruwa in huta. A tashar da ake sauya layi ya ja ni muka shiga jirgin da ke komawa baya. Na ga allon, na san ba shi ba ne, na bi shi. Tasha huɗu muka wuce kafin ya farga, ya hau faɗan cewa Larabawa ba su iya rubuta alama ba. Ni kuwa ina riƙe da ƙarfe na gane abin ba a akwati kaɗai yake ba. Mun dai isa daga baya, muka hau abra, ƙaramin kwalekwalen da ke tsallaka mutane a dirhami ɗaya. A wajen Port Saeed manyan jiragen katako sun jeru, ana loda musu firji da tayoyi da buhunan shinkafa a cikin ranar da ko tsuntsu ba ya fita. Nan ne kawai na ji iska ta taɓa ni a duk tafiyar.

Da la'asar ɗin ranar Baba Kyaftin ya gayyace mu gidansa, bayan sun dawo daga coci, don su ma ranar Juma'a suke zuwa a can. Matarsa, wadda muka kira Mama, ma'aikaciyar jinya ce, ta yi mana tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya, ta kuma tabbatar mana naman daga mahaucin Musulmi yake tun ba mu tambaya ba. Duk labarin da ya ɗauko sai ta gyara masa shekara ko sunan gari, shi kuma ya ce haka ne ya ci gaba. Muna wanke hannu ya ba ni labarin lokacin da yake ƙaramin mataimaki, kyaftin ɗinsa ya sauka ƙasa da ƙa'ida a cikin hazo, shi yana gani ya yi shiru don kunya. Da suka fito daga gajimare, dogon ƙarfen gidan rediyo ne ya wuce ta gefen fiffikensu. Ya ce shi ma gidan da ya tashi ba a ɗaga wa babba ido. Sai ya miƙo min lemo.

Saura kwana biyu in koma gida, har lokacin takardata ba sa hannu. Na rage cin abinci, ga mura ta sanyin ɗakin da zafin waje. A ɗakin otal in tsaya gaban madubi ina maimaita gajeriyar jimlar da ake faɗa wa mai hasumiya in ba za a iya bin umarninsa ba. Mai sharar ɗaki ta same ni a haka sau ɗaya, ta ja ƙofa a hankali ta fita.

Zama na ƙarshe ya sake ɗora ni a kan filin duwatsun nan. Hazo ya rufe, ga iska ta gefe, ga agogo ɗaya ya kashe min. Ina cikin saukowa ya ce in je ƙafa dubu biyu da ɗari biyar. Na kalli taswira na ga dubu uku. Na danna maɓallin rediyo na ce ba zan iya ba, taswira ta ce dubu uku, ina so ya tabbatar min. Ban ce Baba ba, ban ba da haƙuri ba. Sai ya amsa da muryar aiki cewa in duba nisana daga fili. Na duba. Na riga na wuce wurin da ƙa'idar dubu uku take ƙarewa, layin da ke sama a taswirar nake karantawa. Shi ne da gaskiya. Karo na farko a rayuwata da na musa wa sa'an ubana kai tsaye, kuma ni ce a kan kuskure. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suna zafi, amma jirgi bai tsaya jirana ba. Na amsa na gyara, na sauko, fitilun titin jirgi suka bayyana a gabana, na ajiye shi.

Na fito ina tunanin yadda zan gaya wa Inna cewa shekara guda ta tafi. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga min hannu. Ya jawo takardar ya zaro biro daga aljihu.

"Kin yi tambaya, an amsa miki, kin gyara, duka a daƙiƙa biyar," ya ce yana rubutu. "Abin da nake jira kenan tun ranar farko. Yanzu kina iya ce min Baba, an buɗe ƙofa."

Na shiga banɗakin mata na yi kuka mai isata, sannan na wanke fuska na bi bas.

Washegari muka taso. Kayan Yaya sun fi kilo, aka cusa rabi a jakata, ni da ban sayi ko turare ba sai dabino na Inna. Na yi barci tun daga Dubai har Abuja, na ƙara wani a jirgin ƙasa, na iso gida na ƙara kwana guda a kwance. An sa min jarrabawar ranar Alhamis mai zuwa, ina roƙon addu'arku.

Na tafi ina zaton agoguna da taswira ne matsalata, ashe waɗannan na iya su tun a gida. Abin da ban iya ba shi ne in ga kuskure a wajen babba in faɗa da wuri, in kuma ni ce na kuskure in ɗauka in ci gaba da aiki. Ban daina russuna wa manya ba, ba kuma zan daina ba. Amma watarana mutum ɗari da wani abu za su zauna a bayana, kowa da masu jiransa a gida, kuma ba su hau jirgin don su mutu saboda kunyata ba.