Hannun da Ya Kasa Riƙe Muciya a Misfala

A shekarun da nake ba ku labari, ni ce mai tuwon nan ta wani lungu a unguwar Misfala ta Makka, wadda alhazan Najeriya da Nijar ke yi wa layi idan shinkafar Larabawa ta ishe su. Ta Chadi iyayena suka shigo, a Makka na girma, na yi aure har na aurar. Ga ƙarfi ga baki, tukunyar da mata biyu ke tuƙawa ni kaɗai nake juya ta ina zuba surutu. Ko da aka gano ciwon daji a nonona na hagu, bayan al'ada ta daɗe da ɗauke mini, aka yi aiki aka cire, ban yarda na kwanta ba. Likita ta ba ni wata 'yar ƙwaya, ta ce in riƙa sha kullum na tsawon shekaru, ita ce za ta tare ciwon kada ya dawo. Na ce wannan ai mai sauƙi ce.

Ashe da sauran aiki. Ba a jima ba gaɓoɓina suka ɗauki ciwo. Da safe yatsuna su ƙage, wuyan hannu kamar ana tsira mini allura, carbi ma ya gagare ni ja. Ran nan muciya ta suɓuce mini cikin talge, na zauna na yi kuka kamar yarinya. Mu kuwa a nan muna da wata ɗabi'a: maƙwabcin Ɗakin Allah ba ya ƙorafin ciwo. Kana buɗe baki za a ce kankarar zunubi ce, wasu na can gida suna fatan ko zazzaɓi ne su yi a Makka. Saboda haka duk ranar da na je mustashfa, wato asibiti, likita ta tambaye ni jiki, sai in ce alhamdu lillahi, in ja bakina. Maƙwabta kuma kowa da fatawarsa, wannan ta ce sanyin mukayyif ne, na'urar nan mai sanyaya ɗaki, waccan ta ce in yi ƙaho. Na yi, bai hana komai ba. Ni dai na lura tun da na fara ƙwayar abin ya taso. Da Hajji ya ƙarato sai na tura ta bayan kwalbar yaji, na ce ta jira alhazai su tafi.

Cikin alhazan shekarar akwai wata dattijuwa Basakkwata mai son miyar kuka. Ta gan ni na maƙale muciya a hamata ina tuƙi da dantse, ta tambaye ni me ya samu hannun. Ban san me ya sa ba, na zazzage mata komai, har zancen ƙwayar. Wallahi sai ta ture kwanon tuwon. Ashe tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Ta kira ni ƙanwata, sannan ta wanke ni tas, ta ce tuwo nake so in saya da raina. Ta yi mini bayani cewa akwai wani sinadari na jikin mace, istirojin, wanda irin ciwona ke ci ya girma. Ko al'ada ta ɗauke, jiki bai daina yin sa ba, har ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna ƙera nasu, kuma yana da hannu a yadda mutum ke jin zafi da yadda jijiya ke farfaɗowa in ta ji rauni. Ƙwayar ta rufe masa hanya ko'ina, shi ya sa jikin ke kuka. Ta ce ciwon hannun sananne ne ga likitoci, amma wa zai yi maganin abin da aka ɓoye masa? Da na kawo zancen haƙuri, ta ce Wanda ya ce a yi haƙuri ai Shi ya halatta neman magani.

Ba ta bar ni ba sai da ta ga na zaro ƙwayar daga bayan yaji. Na koma mustashfa, karon farko na faɗi gaskiyar jikina. Likita ta riƙe baki, ta yi faɗa, sannan ta sake gwaje-gwaje. Na yi kwanaki ina jiran sakamako. Allah Ya rufa asiri, ciwon bai dawo ba. Aka canza mini ƙwaya, aka ba ni abin ɗaure wuyan hannu, aka koya mini motsa gaɓoɓi. Zafin bai tafi duka ba, amma yau da hannuna nake tuƙi.

'Yan'uwana mata, musamman mu na nan, alhamdu lillahi ba ta hana a ce ga inda ke ciwo. Kada ki ajiye maganin likita don ya wahalar da ke, koma ki faɗa mata. Ni na kusa yin asarar raina a kan kunyar ƙorafi.

Ranar da na samu sakamako na ƙulla kuka da daddawa na nufi masaukin su dattijuwar nan Basakkwata in yi mata albishir, na tarar motarsu ta wuce Madina. Sai a ƙofar na tuna ban taɓa tambayar sunanta ba, Hajiya kawai nake ce mata, kamar kowa. Duk ɗawafin da na yi tun daga ranar, sai na ce Allah Ya saka wa Hajiya mai son miyar kuka. Shi ai Ya san wadda nake nufi.