Kifin da Nura Ya Gasa Mini

Da ana mayar da rana baya, da na koma gonar inabin nan ta bakin teku na cinye kifin da ɗana ya gasa mini. Wurin kansa har yau ba ya burge ni. Kifin ne ya tsaya mini a rai.

Muna yara a ƙauyenmu na ƙasar Kazaure, idan sanyi ya shigo, kakarmu Iya Dije kan hura wuta da karan dawa a ƙofar ɗakinta bayan an ci tuwo. Mu zagaye ta, kowa da gyaɗarsa yana turawa cikin toka. Ba ta fara tatsuniya sai ta ƙwanƙwasa dutsen murhu da muciya, wanda ya yi magana bayan nan kuwa gyaɗarsa ta zama tata.

Akwai wadda ta fi maimaitawa, ta wani falke da fatauci ya kai shi ƙasar bakin babban ruwa. Mutanen can suna cin abubuwa masu ƙafafu da yawa da suke tonowa cikin yashi. Mai masaukinsa ya dafa masa mafi kyawun abin da yake da shi. Falke ya leƙa akushi, ya yatsine fuska, ya ce cikinsa a cike yake. Da aka watse sai ya zaga bayan ɗaki ya kwance guzurinsa na ƙuli-ƙuli. Iya Dije sai ta sa gyaɗa a baki ta tauna da ƙarfi.

"Kun ji? Haka mai gidan ya ji ta jikin zana. Ƙuli-ƙuli ba ya rufa wa kowa asiri."

A ƙasar nan hanya ɗaya ce, ruwa yakan rufe ta ya buɗe, kuma ba a gaya wa mutum lokacinta sai wanda ya ci abincin gida. Da safe mai gida ya yi wa falke fatan sauka lafiya, ya koma ciki.

"Iya, ya mutu?"

"Wa ya ce ya mutu? Yana can bakin ruwa yana jira, sakarai, da buhunsa."

Mu yi ta dariya. Ni na fi kowa raina falken nan.

Na girma, na zo Ingila, na yi gadi a Manchester har ƙarfina ya ƙare, ina zaune a unguwar Gorton. Ɗana Nura yana Birmingham, yana aiki a wata cibiyar matasa ta ƙaramar hukuma. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, aka rufe cibiyar. Ya daɗe yana nema. Daga baya na ji wai ya samu aikin girki can kudu, a gidan abinci na wata gonar inabi da ake matsa giya. Na ce da mahaifiyarsa kada ta ƙara ambata mini. Shi kuma bai fasa kira ba, wai ni dai in je in gani da idona. Ƙanwarsa Hauwa ta matsa har na shiga motarta. Amma sai da na cusa ledar dambun nama a aljihun babbar riga.

Me na gani? Tuddai an jera musu kurangar inabi kamar an taje kai, ga teku, ga tsuntsaye, ga tsofaffi da sanduna suna hawa suna sauka ba saƙon kowa. 'Ya'yan itacen da Allah ya yi da zaƙi, an tara a ganguna ana jira su lalace. A ciki kuwa manya da furfura suna juya kofi, su shinshina, su kurɓa, su tofar a bokiti, su gyaɗa kai kamar an yi musu wa'azi. A garin da na baro ana layin karɓar abincin agaji. Nan kuwa ana kawo musu katantanwar ruwa 'yar mitsitsiya a faranti kamar faifai, suna ɗaukar ta hoto.

Nura ya ajiye mu a wani tebur a waje, nesa da kwalabe. Ya fito da farar rigar kicin, ya durƙusa ya gaishe ni a gaban mutanensa, ya kawo kifi da dankali da kansa.

"Baba, da safen nan aka kamo shi. Kaskon ma sabo ne, don kai na saya. Ni kifi kawai nake yi, ba ruwana da kwalba."

Na ce, "Na ƙoshi."

Hauwa ta ce, "Haba Baba, please, ko loma ɗaya."

Na tashi na koma mota. Yunwa kuwa kamar ta kashe ni, sai na kwance ledata. Ina cikin ci, bakina duk dambu, na ɗaga kai. Nura ne tsaye jikin gilashi da kofin shayi a hannu. Ya dubi ledar. Ya ɗora kofin a kan mota.

"Allah ya kiyaye hanya, Baba."

Ban tuna da Iya Dije ba sai da muka yi nisa, Hauwa tana tuƙi tana share hawaye. Da ina yaro na ɗauka hanyar ruwa falke ya rasa. Ashe zumuncin mai masaukinsa ya rasa.

Nura bai taɓa yi mini rashin kunya ba. Yana kira ranar Sallah, ya gaishe ni kamar yadda ake gaida maƙwabci. Ya bar gonar tuni, ya buɗe shagon kifinsa a garin da ke kusa da ita, 'ya'yansa a waya nake ganinsu. Bai sake cewa in zo ba. In ya zo Gorton kuma ba ya shiga kicin.

Ina da abin faɗa game da aikin nan, kuma da na ci kifin na faɗa, da ya saurare ni. Ku da 'ya'yanku suka watsu neman abinci inda ba ku so, ina roƙonku: idan suka ajiye muku faranti na halal, ku sa hannu tukuna, faɗan ya biyo baya.