Kular da Gwaggo Tabawa take zama a kai

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin da Gwaggo Tabawa ta yi wa girki ya san inda ake samunta idan an fara rabon abinci. Tana bayan gida, a inuwa, zaune a kan kula. Wata babbar kula ce shuɗiya mai tsagaggen murfi. Da an sauke tukunyar farko, kafin a zuba wa kowa, sai ta cika ta da shinkafa da nama, a ja mata ita gefe, ta shimfiɗa zane a kai ta zauna. Daga nan take ba da umarni, tana nuna mutane da ludayi. Ba ta tashi sai baƙi sun watse.

Abincin da ke ciki na waɗanda take kira 'yan ƙarshe ne: mu masu girki da wanke-wanke, da masu hayar kujeru da rumfa, da direbobin da aka bari cikin rana, da duk wanda ya taso daga ƙauye ya iso bayan an gama rabo. Ita kanta a cikinsu take. Sai kowa ya samu sannan ta kankare abin da ya rage a gindin kular cikin wani ɗan kwanonta na silba ta ci.

Ni ce Rukayya, 'yar ƙaninta. Na karanta labarin ƙasa a jami'a, na yi bautar ƙasa, na dawo Funtua ina jiran aiki. Baba ya ce in riƙa taya yayarsa kafin aikin ya samu. Har yau bai samu ba, ko da yake ban cire rai ba. Tun ranar da na fara ta sa mini suna Digiri, har wasu daga cikin matan da muke aiki tare sun ɗauka sunana na yanka ke nan. Abin da zan faɗa a nan wanda na gani ne da idona. Inda ban tabbatar ba zan ce ban tabbatar ba.

Domin a yi wa masu biki adalci, Gwaggo ba ta taɓa ɓoye musu maganar kular ba. Tun ranar da aka zo neman ta take faɗa. Kowa yakan ce babu komai, Allah ya ba da lada. Ranar bikin ne ake mantawa.

Akwai wani biki a nan Funtua, ina jin a shekarata ta farko ne. An gama rabo, tukwane sun koma wajen wanki, sai ga uwar ango ta zagayo bayan gida da sauri, mayafi na jan ƙasa. Ta ce Tabawa ta tashi, ƙawayenta na Abuja ne suka iso. Gwaggo ta tambaya ko da mota suka zo. Aka ce da mota. Ta tambaya ko mai sanyi ce. Aka ce mai sanyi ce.

"To, Hajiya, mai irin wannan mota ba ta kwana da yunwa. Direbanta dai ki turo mini shi."

Hajiya ta ce ai su ma makara suka yi, kuma an ce kular har da ta masu makara. Gwaggo ta ce makara iri biyu ce, akwai wanda hanya ta makarar da shi, akwai wanda madubi ya makarar da shi. Nan fa ran Hajiya ya ɓaci. Ta ce shinkafar nan da kuɗinta ta saya, naman ma santa ne aka yanka.

"Shinkafa taki ce, ban yi musu ba," in ji Gwaggo. "Kular ma in kina so na bar miki. Ni ce dai a kai. In za ki iya ɗaga ni, bismillah."

Ku da kuka san girman jikin Gwaggo kun san ba a yi ko gwaji ba. Hajiya ta tafi tana cewa ita da Tabawa har abada. Da ta tashi aurar da 'yarta, mu ta kira. Ban san ko ta yafe ba ne ko kuwa ta rasa wata.

Idan lokacin salla ya yi, Maman Bose ce take zama a kan kular. Bayarbiya ce haifaffiyar Funtua, Kirista, ita ke suyar nama, kuma ta fi ni iya zagi da Hausa. Jikinta bai kai na Gwaggo ba amma ya kusa. Wata rana da na ga Maman Bose tana tsakiyar suya, na ce ina ganin, in ba damuwa, mai yiwuwa ni ma zan iya riƙe wurin na ɗan lokaci. Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke? Kafin ki gama cewa ina ganin an kwashe har da murfin."

Ta jira Maman Bose ta tsame naman.

Wajen tattali kuwa, ban ga kamarta ba. Idan an gama girki takan ja guntayen itace daga murhu ta yayyafa musu ruwa, ta tara gawayin a buhu ta tafi da shi gida. Ƙanzon tukunya ma nata ne, tana shanya shi a kan rufin ɗakin kaji. A wani suna da muka yi a Malumfashi, ƙanen mai gida ya ga ana ɗora buhun gawayi a keke napep, ya zo yana cewa ai itacen su suka sayo. Gwaggo ta ce haka ne, itace suka sayo, kuma ta ƙona musu shi tas a gaban idonsu. Ta tambaye shi ko akwai wanda aka aika sayen gawayi. Ya tsaya yana tunani, mai keke ya ja.

Ni kuma hayaƙin ne yake damuna, musamman da damina idan itace ya jiƙe. Idanun Gwaggo kullum ja. Na yi ta karance-karance a waya a kan illar hayaƙi har na daina barci sosai, daga ƙarshe na kira ɗanta da ke Kaduna ya sayo mata tukunyar gas da murhunta. Ta yi godiya, ta sa masa albarka, ta sa mini. Da na shiga ɗakinta bayan kwana biyu na tarar ta lulluɓe tukunyar gas ɗin da kyalle mai fure ta ɗora rediyonta a kai. Ta ce tsayinta ya yi daidai, tashar ma ta fi kamawa. Na ce Gwaggo, ai don girki aka saya. Ta ce shinkafar da ba ta ji hayaƙi ba ta asibiti ce, ita kuma ba a taɓa kiranta girkin jinya ba. Har yanzu ina ganin ina da gaskiya a kan hayaƙin. Amma rediyon yana nan a kai.

Sai maganar Nafisa. Wata yarinya ce 'yar Malumfashi da aka sa wa ranar aure bayan kaka. Ta kira lambata ta ce tana son a turo mata hotunan abincinmu, sannan a dafa mata kaɗan-kaɗan ta ɗanɗana kafin ta yanke shawara, haka ake yi yanzu. Na ga maganar ba ta da laifi, na kai wa Gwaggo. Ta ce in tambaye ta ko hoto za a ci a bikin. Ban tambaya ba. Sai ta ce in gaya mata ranar Asabar muna da biki a Funtua, ta zo ta zauna cikin mutane ta ci, babu wanda zai tambaye ta daga ina.

Nafisa ta zo, amma sai bayan la'asar, cikin kwalliya, an gama rabo. Na kai ta bayan gida, na kuwa san wace irin makara ce wannan. Ta durƙusa ta gaishe da Gwaggo. Gwaggo ta ce abinci ya ƙare sai na 'yan ƙarshe, kuma ba ta ga alamar tana cikinsu ba. Sai ta nuna mata bahon faranti da ludayi.

"Amma ƙofa a buɗe take. Ɗauraye waɗancan, ki shiga sahu."

Na so in nutse a ƙasa. Yarinyar nan ta yi dariya, ta tuɓe awarwaro ta ba ni riƙo, ta naɗe hannun riga. Da aka buɗe kula ta ci tare da mu a tire ɗaya, ta nemi ƙari. A wurin ta ce mu za mu yi mata girki.

Gwaggo ba ta kai ranar ba. Ta kwanta ciwo lokacin da ake cire masara, ba ta daɗe ba Allah ya karɓi abarsa. Ɗanta ya ce tukwane da kuloli duk in riƙe, shi bai san abin da zai yi da su ba. Bayan an share makoki mahaifiyar Nafisa ta kira ta yi ta'aziyya, sannan ta tambaya ko za mu iya. Na ce ina ganin za mu gwada.

Na tara matan a tsakar gidan Gwaggo. Maman Bose ce ta yi magana a madadinsu. Ta ce masu girkin biki sun yi yawa a garin nan, wasu ma sun fi mu biya, amma a can sai ki wuni kan wuta ki koma gida ki jiƙa garin kwaki. Abin da ya riƙe su a wajen Tabawa shi ne babu wadda ta taɓa komawa gida da yunwa. Za su bi ni Malumfashi su gani. In kula ta tsira, suna nan. In ba ta tsira ba, kowa ta kama gabanta, ba faɗa. Na ce to ko ita za ta zauna, tunda ta saba. Ta ce ita riƙon ƙwarya take yi, mai tukwane ce take zama.

Ranar bikin na cika kular da hannuna, na shimfiɗa zanen Gwaggo, na zauna. Ƙafafuna ba su ma kai ƙasa sosai ba. Rabo ya tafi lafiya. Na fara tunanin watakila babu wanda zai zo, sai ga mahaifiyar amarya. Ta ce dangin ango na Kano sun iso mota biyu, in tashi a zuba musu.

Na ce Hajiya, ina ganin, wato in an duba, kamar dai an yi maganar nan tun farko, ko da yake ban sani ba ko an yi ta da ke ce ko da Nafisa. Ta ce ba tarihi ta tambaye ni ba. Na ji suya ta tsaya a bayana. Masu wanke-wanke ma sun daina motsa ruwa. Ba zan ce jarunta ce ba. Na dai ji bakina ya ce, "Hajiya, ba zan tashi ba."

Ta dube ni kamar yadda Gwaggo ta taɓa dubana. Ta ce, "Ke ɗin nawa kike? Mata biyu sun isa su ɗauke ki har da zanen."

Na ce gaskiya ne, Hajiya.

Sai na ji an ture ni gefe. Maman Bose ce ta ajiye matsamin nama ta zauna a rabin murfin, kular ta yi ƙara.

"To, Hajiya, a ƙaro mata," in ji ta.

Hajiya ta tsaya tana kallonmu. Sai ta yi dariya, dariyar kuma ba ta ƙarasa ba ta kai bakin mayafi ido. Ta ce Allah ya jiƙan Tabawa, ta juya. Na ji daga baya an haɗa wa mutanen Kano waina da miyar taushe daga cikin gida. Ban ji an ce wani ya koka ba.

Da rana ta yi sanyi muka buɗe kula. Masu kujeru suka zo, direbobin Kano suka zo, har da wata tsohuwa daga Mahuta da mai babur ya yi faci da ita a hanya. Matanmu suka ci, suka ƙulla na yara. Maman Bose tana wanke hannu ta tambaye ni biki na gaba yaushe ne, kuma a ina.

Ni ce na karkata kular a ƙarshe. Sai da na gama kankare gindin na lura a cikin ɗan kwanon silba na zuba, na kuma ajiye shi a inuwa inda take zama. Na ɗauka na kai wa tsohon da ke gadin ƙofa, na ce sadaka ce, ya sa Tabawa a addu'a.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya sanyaya idanun nan da hayaƙi ya cinye. Ta yi rayuwarta tana tsare rabon wanda bai iso ba tukuna. Ya Allah, ka sa ta tarar an ajiye mata nata. Amin.